Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Horon Malamai: Kafin Ku Ɗora Wa Sabon Malami Babbar Takarda

Zuwa ga hukumomin da ke ba da lasisin koyarwa, da shugabannin tsangayoyin ilimi na jami'o'i, da duk mai ta cewa a kan yadda ake horar da sabon malami.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni malamin aji ne. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma shekaru ke nan ana turo mini masu koyon malanta. Ina zama a kujerar baya ina kallonsu suna koyarwa, in an tashi mu koma ofishin malamai mu warware abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci. Ba ni da kujera a kwamitocinku, ba a kuma taɓa aiko mini da takardar neman shawara ba. Amma duk abin da kuka yanke a teburinku, a ajina yake sauka. Shi ya sa na ga ya dace in rubuto muku a fili.

Maganar da na ji tana ta yawo ita ce, horon farko da ake ba malami bai kamata ya tsaya a lasisi kaɗai ba. A haɗa masa da takardar jami'a ta gaba da digirin farko: babbar difloma, ko wani yanki na digiri na biyu, ko ma digiri na biyun ɗungurungum. Tun da wuri in faɗa muku matsayina, don kada ku ɗauka ɗan adawa ne ya rubuto. Ina so a yi. Fargabata tana kan yadda za ku yi shi, domin na ga inda wannan takarda ta gyara malami, na kuma ga inda ta kusa karya shi tun bai fara aiki ba.

Wanda ba ya cikin harkar zai iya zaton abu guda ne, lasisi da takardar jami'a. Tsarin Ingila ya fi fito da bambancin a sarari. Can akwai QTS, wato shaidar cewa an gan ka a aji, ka cika sharuɗɗan aikin, za a iya damƙa maka 'ya'yan mutane. Akwai kuma PGCE, wadda jami'a ke bayarwa bayan ka yi karatu da rubuce-rubucen nazari. Mutum na iya samun ta farkon ba tare da ta biyun ba, ya kuma koyar lafiya lau. Mai neman biyun a shekara guda zai yi aƙalla kwana 120 a makarantu, sannan ya yi rubutun jami'a a kai, wanda yakan ba shi maki 60 daga cikin 180 da ake buƙata don cikakken digiri na biyu. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na hanya. Wata riba kuma, idan ya ƙetare zuwa wata ƙasa neman aiki, sau da yawa takardar jami'ar ake fara tambaya, don ita ce kowa ya san fuskarta. Ke nan lasisi na cewa ka iya yi, takardar jami'a kuma ana sa ran ta ce ka san dalilin da ya sa kake yin abin da kake yi. Ana sa rai, na ce.

Bari in ba ku labarin da ya sa nake goyon baya.

Wata shekara an turo mini wata ɗaliba, mai ƙwazo, ta iya lissafi ƙwarai, ta ma fi ni saurin kai. Ta koyar da tara ɓangarori, ta rubuta a allo: ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa uku. Da ta karɓi littattafai, kusan rabin ajin sun rubuta biyu bisa biyar. Ta same ni a ofis ranta a ɓace, ta ajiye littattafan a gabana ta ce, "Malam, yaran nan ba sa saurare. Sau uku na maimaita musu." Na ce, "Malama, in da rashin saurare ne, da kowa ya kawo tasa amsar daban. Me ya sa duk suka haɗu a kan kuskure guda?" Ta yi shiru. Ni ma a gaskiya ban ba ta cikakkiyar amsa ba, don abin da na sani shi ne yara sun saba yin haka, kuma na saba gyara musu.

A makon aka ba su aikin jami'a a kan kura-kuran da yara ke yi a lissafi da inda suke samo asali. Ta karanta, ta dawo ta zauna da yara uku lokacin hutun tara, ta ce kowa ya faɗa mata yadda ya yi. Wani yaro ya ce mata, "Malama, in na ci ɗaya cikin biyu a gwajin farko, na ci ɗaya cikin uku a na biyu, ai biyu cikin biyar na ci." Ku duba ku gani, ranku ya daɗe. Yaron nan bai yi shirme ba. A lissafin makin jarrabawa gaskiyarsa ce. Ya ɗauko ƙa'idar da ke aiki a wani wuri ne ya kawo ta inda ba ta aiki. Maimaitawa sau goma ba za ta cire masa ita ba, tunda a ransa yana da hujja.

Washegari ta shigo aji da dogayen takardu da ta yayyanka. Ta sa kowa ya ninke tasa gida shida. Ta ce a shafa wa rabi launi, suka shafa gida uku. Ta ce a ƙara sulusi, suka ƙara gida biyu. Biyar bisa shida ta fito a hannun kowa. Sannan ta yi tambayar da har yau nake aro a wurinta: "Kun fara da rabi, kun ƙara wani abu a kai. Biyu bisa biyar ta kai rabi?" Ajin ya yi tsit, can sai wata yarinya daga gefen taga ta ce, "Ba ta kai ba, Malama. To ai ba zai yiwu ba." Wannan darasi ni ban koya mata shi ba. Karatun da ta yi ne ya ba ta tambayar, ajin kuma ya ba ta amsar. Na shekara da shekaru ina gyara wannan kuskure ban taɓa tambayar yaro dalilinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Masana sun daɗe da sanya wa wannan abu suna. A 1986 wani masanin ilimi ɗan Amurka, Lee Shulman, ya bambance tsakanin sanin fanni da sanin yadda ake shigar da fannin cikin kan wanda bai sani ba: wane misali ke aiki, ina yara ke yin tuntuɓe, me suke zuwa da shi daga gida wanda zai tare musu hanya. Kafin shi, a 1975, wani masanin mai suna Dan Lortie ya ƙiyasta cewa kafin mutum ya gama sakandare ya yi kimanin sa'o'i 13,000 yana kallon malamai suna aiki. Saboda haka kowane sabon malami yana shigowa ne da tunanin ya riga ya san aikin, alhali gaban labule kawai ya gani. In ba a ba shi abin da zai girgiza wannan tunani ba, yadda aka koya masa haka zai koyar, da mai kyau da marar kyau. Mu ma da ke ja musu gora a makarantu, abin da muka saba shi za mu miƙa musu. Wurin da jami'a ke da amfani ke nan, kuma ba ƙaramin amfani ba ne.

To amma ga ɗaya labarin, shi ne ma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani ɗalibin, a wata shekarar. Na lura makonni biyu a jere darussansa sun lalace. Yana shiga aji ba shiri, ya buɗe littafi ya yi ta kwafa a allo, yara na baya suna ta surutu bai ko waiwaya ba. Littattafan aikin gida sun taru a kan teburinsa har sun fara zamewa ƙasa. Na tsare shi na ce, "Malam, lafiya?" Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini. Rubutu ne na kalmomi dubbai a kan ra'ayoyin masana game da yadda ɗan Adam ke koyo, ranar miƙawa saura kwana huɗu, kuma abin da ya hana shi barci shi ne tsarin jera manazarta: ina ake sa waƙafi, ina ake sa shekara. Na karanta shafi biyu. Babu yaro ko ɗaya a ciki. Babu ajinsa, babu darasin da ya watse masa ranar Talata, babu yaron da ke gaba wanda har yanzu ba ya iya karanta jimla. Na tambaye shi me ya sa bai rubuta a kan waɗannan ba. Ya ce, "Malam, ba shi suke so ba. Ni dai in samu in haye."

Ya haye kuwa, da maki mai kyau. Yara talatin da wani abu suka biya kuɗin da makonni uku na karatunsu. Wanda ya duba rubutun bai taɓa taka ajin ba, ni kuma da nake ajin ba a taɓa nuna mini tambayar da aka ba shi ba. Iyayen gida biyu gare shi, kowa na ja, ba wanda ya san abin da ɗayan ya ɗora masa. Takarda iri ɗaya ɗaliban nan biyu suka fita da ita, in kun ajiye su a tebur ba za ku bambance ba.

Kada ku ce labarin mutum ɗaya ne. Ƙasashe sun gwada, kuma sakamakon yana nan a buɗe.

Faransa ta ɗaga sharaɗin zama malami zuwa digiri na biyu a 2010. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma a tafiyar aka soke tsohon tsarin shekarar koyon aiki, wadda sabon malami ke raba lokacinsa tsakanin aji da cibiyar horo yana kuma karɓar albashi. Sai ga masu babban digiri an jefa su aji da cikakken jadawali, da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban yara ba. Masu neman aikin suka ragu. A 2013 dole aka sake gini, aka buɗe sababbin makarantun horo aka dawo da haɗa aji da karatu. A 2019 aka sake musu suna da tsari. A 2022 aka matsar da jarrabawar ɗaukar malamai zuwa ƙarshen digiri na biyu, gurabe dubbai suka zauna ba kowa. Daga baya gwamnati ta yanke a dawo da jarrabawar ƙarshen digirin farko daga 2026, a yi digiri na biyun bayan an ɗauki mutum, yana karatu ana biyansa. Shekara goma sha biyar ana tufka da warwara, aka dawo kusa da inda aka tashi.

Ƙasar Aisilan (Iceland) ta yi doka a 2008 ta mayar da horon malami daga shekara uku zuwa biyar. Masu shiga suka ja baya, masu kammalawa suka yi ƙaranci, har a 2019 gwamnati ta fito da tsarin biyan ɗalibai albashi a shekarar ƙarshe ta koyon aiki don ta jawo mutane. Ƙasar Ayalan (Ireland) ta mayar da diflomar malantarta ta shekara guda zuwa digiri na biyu na shekara biyu a 2014, kuma tun daga nan ake kukan cewa kuɗin makarantar shekara biyu ba albashi yana korar waɗanda ba su da mai ɗauke musu nauyi.

Wannan batu na ƙarshe ya fi ci mini rai. Wa ƙarin shekara ke tsayarwa a ƙofa? Ba ɗan mai hali ba. Wanda ake tsayarwa shi ne wanda iyayensa ke jiran albashinsa na farko, da matar da ke da yara ta ga ba za ta iya shekara biyu ba shigowar komai ba, da wanda ya yi shekara goma yana wani aiki ya so ya dawo aji da abin da ya sani. Sau da yawa kuma irin waɗannan ne ke yarda su zauna a makarantun da kowa ke gudu. Hukumar UNESCO ta ce a 2024 duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030. Ƙofar da mutane ke ƙarancin shiga, ba a ƙara mata tsawon dokin ƙofa sai an tanadi matakala.

Na san za ku ce Finlan. Kowane taro aka yi a kan wannan magana sai an ambace ta, kuma da gaskiya: tun 1979 malamin firamare a can sai da digiri na biyu. Amma don Allah a riƙa faɗin labarin duka. Ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin jami'a a can. Jami'o'in da ke horar da malamai suna da makarantunsu na gwaji, inda malaman da ke ja wa ɗalibai gora aikinsu ke nan, an ware musu lokaci, suna kuma magana da malaman jami'ar kullum. Aikin na da daraja har a shekarun baya akan ɗauki kusan mutum ɗaya cikin goma daga masu neman gurbin karatun malantar firamare a jami'a kamar ta Helsinki. Digirin yana zaune ne a kan waɗannan duwatsun murhu. Wanda ya ɗauko tukunyar ya bar duwatsun, ya san abin da zai biyo baya. Kuma ko a Finlan ɗin, makin ɗalibanta a jarrabawar PISA, wadda ake gwada ɗaliban ƙasashen duniya da ita, yana ta sauka tun bayan 2006, malamai kuwa ba su daina riƙe digiri na biyu ba.

A Amurka, inda jihohi da yawa ke ƙara wa mai digiri na biyu albashi, an daɗe ana bin sawun abin. Akasarin binciken bai gano cewa yaran mai digirin sun fi na marar shi ci gaba ba, in ban da wurare irin lissafi da kimiyya a sakandare, idan digirin a kan fannin da mutum ke koyarwa ne. Jihar Karolina ta Arewa ta soke wannan ƙarin albashi ga sababbin masu digirin a 2013. Ban ce ta kyauta ba, malamai da yawa sun ji zafin abin kuma suna da hujja. Abin da na ɗauka daga ciki kawai shi ne, sunan takardar ba ya koyar da yaro. Abin da aka zuba a cikinta ne ke yi, in an zuba.

Saboda haka ga roƙona, ranku ya daɗe.

Duk rubutun da za ku ba mai koyon malanta, ya fito daga ajin da yake tsaye a ciki. Ku tambaye shi yaro nawa ne suka kasa gane darasin jiya, me ya sa, me masana suka gano a kan irin wannan, me ya gwada, me ya faru da ya gwada. Ya kawo hoton littafin yaro, ya kawo abin da yaron ya faɗa da bakinsa. Wannan ma bincike ne, ya kuma fi wahalar yi da ha'inci, musamman yanzu da manhajar kwamfuta ke iya zubo wa mutum shafi ashirin a kan ra'ayoyin masana kafin ya gama hamma. Ba na'urar da ta san dalilin yaron nan mai biyu bisa biyar sai wanda ya zauna da shi.

Ku duba kalanda kuma. Wanda ke tsara ranakun miƙa aiki a jami'a ya zauna da wanda ke tsara jadawalin makaranta, ko sau ɗaya ne a shekara. Bai kamata babban rubutu ya faɗo a makon da ɗalibi ya fara ɗaukar cikakken jadawali ba, ko makon da ake haɗa sakamakon jarrabawa. Wannan ba ya cin ko kwabo, waya ɗaya ce.

Sai mu, malaman da ake turo wa ɗaliban. Mu ne ke tare da su kwana biyar a mako, malamin jami'a kuwa yakan leƙo sau biyu ko uku a zango, ya cike fom ya tafi. Ba zargi nake ba, na san nauyin da ke kansa. Amma in har rabin horon a hannunmu yake, a rage mana darasi ko biyu ne a mako don mu zauna da su a natse, maimakon tattaunawar tsaye a baranda tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa. A nuna mana abin da ake koya musu, a kuma saurari abin da muka gani kafin a ba da maki. In ana so a ɗaga darajar aikin da babbar takarda, ai mu ma muna cikin aikin. A buɗe mana hanyar yin karatun muna bakin aiki, kada a wayi gari wanda ya shekara ashirin a aji ya koma ƙasa da ɗalibin da ya yaye jiya don kawai shi ba a yi yayin takardar a zamaninsa ba.

Batun kuɗi kuwa, wanda ya wajabta shi ya kamata ya biya. In kun ce dole ne, ku ɗauki nauyin karatun, ko ku biya ɗalibin albashi yana yi, kamar yadda Faransa da Aisilan suka dawo suka yi bayan sun sha wuya. In ba za ku iya ba, ku bar ta zaɓi. Ku raba ta gida-gida yadda mutum zai ɗauki kashi ɗaya a shekarar horo, ya ajiye makinsa, ya dawo ya ƙarasa bayan ya yi shekara uku ko huɗu a aji. A ganina ma a lokacin karatun ya fi shiga. Malamin shekarar farko tambayarsa ɗaya ce, yadda zai kai ƙarshen darasi ajin bai watse ba. Na shekara ta huɗu shi ne ya tara tambayoyin da littafi zai amsa masa.

Abu na ƙarshe, kafin ku sa hannu a kan komai, ku faɗa mana da me za ku auna nasara. In yawan masu takarda ne, kun riga kun ci, tunda ku ke bugawa. Ni abin da nake so ku ƙirga shi ne mutum nawa suka nemi shiga kafin sauyin da bayansa, su wane ne suka daina nema, da kuma nawa ke nan a aji bayan shekara biyar. Ku buga alƙaluman kowa ya gani, ku kuma yi alkawarin gyarawa in suka fito ba yadda kuka so ba.

Zango mai zuwa za a sake turo mini ɗalibai biyu. Akwai kujera a bayan ajina, kusa da wadda nake zama. Ina gayyatar ɗaya daga cikinku ya zo ya zauna a kanta mako guda, daga ƙararrawar safe zuwa tashi, ya kuma biyo mu ofis ya ga littattafan da ke jiran a duba. Ya zo da tambayar rubutun da kuke shirin ba su, mu karanta tare.

Wassalam.

Naku,
Malamin aji, mai ja wa masu koyon malanta gora.